Tarihin Werner von Siemens, ɗan manomin da ya haɗa wa birnin Berlin wayar sanar da gobara

Duk wanda ya taso a ƙauyukanmu na bakin kogi, tun daga Kamlin har Mai Wurno, ya san yadda labarin gobara yake tafiya. Wata baiwar Allah ce za ta fara hango hayaƙi a kan ɗakin kara ta ƙwala ihu, maƙwabta su ɗauka, a tura yaro masallaci a faɗa a lasifika, sannan wani ya tuna da waya ya shiga neman lambar matafi, wato 'yan kwana-kwana. To in rani ne, ga iska na kaɗawa, ga karan dawa an jibge a kan rumfuna, kafin a gama wannan kai-komo wuta ta tsallake danga uku. Sau da yawa 'yan mintocin da ke tsakanin tashin wuta da isar labari wurin masu kashe ta su ne ke raba gobarar da ta ci ɗaki ɗaya da wadda ta share unguwa.

Turawa ma sun daɗe cikin wannan hali. Ɗaya daga cikin mutanen farko da suka rage waɗannan mintoci shi ne wani Bajamushe mai suna Werner von Siemens. Sunan ba baƙo ba ne, muna ganinsa a jikin na'urorin asibiti da kayan kahraba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne cewa cikin ayyukan farko na kamfaninsa akwai wayar sanar da gobara ta birnin Berlin a 1851, kuma shi da kansa aiki ya taɓa kawo shi gaɓar ruwan ƙasarmu, har Sawakin.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Ernst Werner Siemens ranar 13 ga Disamba 1816 a ƙauyen Lenthe, kusa da birnin Hanover a arewacin Jamus. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya 14. Mahaifinsa, Christian Ferdinand Siemens, manomi ne amma gonar ba tasa ba ce, haya yake yi. Mu mutanen Jazira ba sai an yi mana dogon bayani a kan noman ƙasar wani ba: in amfani ya yi kyau a biya mai ƙasa a ci saura, in bai yi ba bashi ya hau kai. A 1823 iyalin suka koma wata gonar haya a Menzendorf, a yankin Mecklenburg, kuma can ma ba su samu sauƙi ba, domin farashin amfanin gona ya faɗi a waɗannan shekaru.

Werner ya yi karatu a gida a hannun kakarsa da malaman da ake ɗauko musu, daga baya aka kai shi makarantar sakandare a Lübeck. Hankalinsa na kan lissafi da kimiyya, burinsa ya karanci aikin injiniya. Kuɗin jami'a kuwa babu. Wani malaminsa ya ba shi shawara ya shiga sojan Prusiya, saboda soja na koya wa hafsoshinsu waɗannan fannoni kyauta. Haka aka yi. A 1834 ya shiga rundunar masu harba igwa, kuma daga 1835 zuwa 1838 ya yi karatu a makarantar igwa da injiniya ta soja a Berlin, inda ya samu lissafi da ilimin sinadarai da kimiyyar lantarki. Wannan shekara uku ita ce iyakar karatun zurfi da ya yi a aji, sauran duk da kansa ya nema.

Bai daɗe da zama hafsa ba mutuwa ta shiga gidansu. Mahaifiyarsa ta rasu a 1839, mahaifinsa ya bi ta a farkon 1840. Werner yana ɗan shekara 23 nauyin ƙannensa ya dawo wuyansa, ga albashin ƙaramin hafsa da ko shi kaɗai ba ya isa. Wannan nauyi shi ya tura shi ƙirƙire-ƙirƙire. Yana neman abin da zai ƙera ya sayar ya biya wa yara kuɗin makaranta. Har gwajin sinadarai ya taɓa fashe masa a ɗaki ya lalata masa dodon kunne, amma bai fasa ba.

Ɗakin gwaji a cikin kurkuku

A wancan zamani hafsoshin Jamus suna da wata mummunar al'ada: in biyu suka yi saɓani sai su fita fito-na-fito da makami, kowanne da abokin da zai tsaya masa. Doka ta hana, amma ana yi. Werner ya tsaya wa wani abokinsa, magana ta kai kotun soja, aka yanke masa shekara biyar a kurkukun soja na Magdeburg. A hanyarsa ta shiga ya shirya da wani mai sayar da sinadarai ya riƙa aiko masa kaya, ya mai da ɗakin da aka kulle shi ɗakin gwaji. A nan ne ya gano hanyar shafa wa ƙarfe ruwan zinariya da azurfa ta amfani da lantarki. Cokalin shayi ya fara tsomawa, ya fito jawur da zinariya.

Bai yi nisa da zaman ba sai ga afuwar sarki. Maimakon murna, sai ya rubuta wa kwamandan kurkukun yana roƙon a bar shi 'yan kwanaki ya kammala gwajinsa. Hukuma ta ɗauki wannan a matsayin butulci, aka tashe shi tsakar dare aka fitar da shi da kayansa. A 1842 ya samu takardar mallakar wannan fasaha, ta farko a rayuwarsa. Shekara ta zagayo ya tura ƙanensa Wilhelm, ɗan shekara 19, zuwa Ingila, ya sayar da ita ga kamfanin Elkington na Birmingham. Kuɗin ya rufe wa gidan asiri na wani lokaci. Tun daga nan aka ga yadda Werner zai tafiyar da al'amarinsa har ƙarshen rayuwa: shi yana Berlin yana ƙirƙira, ƙannensa suna ƙasashen waje suna nema wa kayan kasuwa.

Tangaraho da kafa kamfani

A 1846 hankalinsa ya koma kan wayar tangaraho, wadda ke aika saƙo ta hanyar lantarki. Akwai wata na'ura ta Turawan Ingila mai allura da ke nuna haruffa, amma ba ta da tabbas. Werner ya gyara ta da kayan da ke hannunsa: akwatin sigari, gwangwani, guntayen ƙarfe da wayar jan ƙarfe. Fuskar na'urar kamar ta agogo take, sai dai haruffa ne a kewaye maimakon lambobi. Allurar mai aikawa da ta mai karɓa suna juyawa tare, in ka danna maɓallin harafi sai duka biyun su tsaya a kansa, mai karɓa ya rubuta. Ka ga ke nan ba sai mutum ya haddace wasu alamomi na musamman ba, duk wanda ya iya karatu zai iya aiki da ita.

Ya kai wa wani gwanin maƙeri na Berlin, Johann Georg Halske, wanda da farko bai yarda abin zai yi aiki ba. Da ya ga na akwatin sigarin yana aiki sai ya bar abokin sana'arsa ya haɗa kai da shi. A watan Oktoba 1847 suka buɗe kamfanin Siemens & Halske a wani gini na bayan gida a Berlin, da ma'aikata goma. Jarin kuwa, tala 6,842 na kuɗin Prusiya, wani ɗan uwan Werner ne lauya ya ba su.

Matsala ta biyu ita ce waya. In za a binne ta a ƙasa dole a lulluɓe ta da abin da zai hana damshi shiga. Wilhelm ya aiko masa daga Landan da samfurin wani ƙaro da ake tatsa daga bishiyoyin yankin Malesiya, ana ce masa gutta-percha. Ƙaro ne kamar na hashab ɗinmu ta fuskar fitowa daga jikin itace, amma shi ruwa ba ya narkar da shi: in ya ji zafi ya yi laushi, in ya huce ya sandare. Werner ya ƙera injin da ke matse shi a jikin waya ba tare da gaɓa ba. Da wannan gwamnatin Prusiya ta ba su aikin jan waya daga Berlin zuwa Frankfurt, tafiyar kusan kilomita 500. Ranar 28 ga Maris 1849 majalisar da ke zama a Frankfurt ta zaɓi sarkin Prusiya ya zama sarkin Jamus baki ɗaya, labarin ya isa Berlin cikin awa ɗaya. A shekarar Werner ya ajiye kakin soja ya rungumi kamfani.

Gobarar biranen Jamus da aikin 1851

Mu ɗan koma baya mu ga yadda biranen Jamus suke fama da wuta a lokacin. Tsarin da suka gada shi ne a ajiye mai gadi a saman hasumiyar coci ko ta gidan hukuma. In ya hango wuta sai ya kaɗa ƙararrawa ko ya busa ƙaho, da rana ya nuna wajen da tuta, da dare da fitila. Masu gadin dare su ɗauka da ihu a tituna. Masu kashe wutar kuma mutanen gari ne da masu sana'o'i da doka ta ɗora wa wannan aiki, sai an taso su daga barci ko daga shago. Kusan dai irin namu ne na yau, sai dai mu lasifika ta maye gurbin ƙaho.

Aibin tsarin a fili yake. Mai gadi ba ya ganin wuta sai ta fasa rufi, lokacin ta riga ta yi ƙarfi. Ƙararrawa tana tayar da gari duka amma ba ta faɗin titi ko gida, don haka masu taimako su yi ta bilinbituwa. A daren 5 ga Mayu 1842 wuta ta tashi a birnin Hamburg, ba a shawo kanta ba sai ranar 8 ga wata. Ta cinye gidaje kusan 1,700, mutum 51 suka mutu, kimanin 20,000 suka rasa matsuguni. A watan Agusta 1843 babban gidan wasan opera na Berlin ya ƙone ƙurmus a tsakiyar babban birnin sarki. Wannan ya sa mahukunta suka fara tunanin kafa rundunar kashe gobara ta dindindin, masu albashi da horo irin na soja, suna zaune a tashoshinsu dare da rana. An kafa ta a Berlin ranar 1 ga Fabrairu 1851 ƙarƙashin Ludwig Scabell. A wannan rana ce kuma wani shahararren gidan shaƙatawa na birnin, Kroll, ya ƙone.

Runduna mai shiri ba ta da amfani in labari bai same ta da wuri ba. A nan Siemens & Halske suka shigo. A 1851 suka binne wayoyi a ƙarƙashin titunan Berlin, suka haɗa ofisoshin 'yan sanda na unguwanni da tashoshin kashe gobara da babbar hedikwata, kowane wuri da na'urar tangaraho. Wanda ya ga wuta ba sai ya jira mai gadin hasumiya ba, ya ruga ofishin 'yan sanda mafi kusa ya faɗi titi. Nan take saƙon ya isa hedikwata da tashoshi, a ɗaura wa dawakai kekunan famfo su nufi wurin kai tsaye. Ana lissafa wannan cikin tsare-tsaren farko a duniya na sanar da gobara ta lantarki.

Aikin ya zo wa kamfanin a kan gaɓa, domin a shekarar suna cikin tsaka mai wuya. Dogayen wayoyin da aka binne wa gwamnati a 1848 da 1849 sun fara lalacewa. An yi su cikin gaggawa da tsumulmular kuɗi, ramin bai yi zurfi ba, babu abin kariya, ɓeraye suka yi ta gaigayar ƙaron, wani kuma tun asali an gauraya shi da farar wuta ya ci wayar. Aka ɗora wa Werner laifi. Shi kuma ya buga ƙasida ya bayyana kurakuran hukumar tangaraho dalla-dalla. Shugaban hukumar ya fusata, aka yanke wa kamfanin duk wata kwangilar gwamnati na tsawon shekaru. Don haka da ya zo aikin gobara bai yarda a maimaita kuskuren ba. Ya sa aka zura wayoyin cikin rigar dalma kafin a binne, kuma sun yi kusan shekara ashirin suna aiki lafiya. Ya gane cewa wayar gobara ta bambanta da sauran wayoyi: tana iya yin wata guda ba a taɓa ta ba, amma daren da aka neme ta dole ta amsa.

A ɗaya gefen teku ma ana wannan tunani. A watan Afrilu 1852 birnin Boston na Amurka ya fara aiki da tsarin da wani likita, William Channing, da wani masanin lantarki, Moses Farmer, suka shirya. Su sun ƙara abu ɗaya: akwatuna a bakin titi, kowanne da lambarsa. Irin wannan akwati daga baya ya bazu a biranen Amurka da Turai, kamfanin Siemens ma ya ƙera nasa. Dabarar ba ta da wuya. A ciki akwai wani faifai mai haƙora, an yanka haƙoran daidai da lambar akwatin. In mutum ya ja hannun, faifan ya juya yana katse lantarki yana haɗawa, a hedikwata ƙararrawa ta buga lambar ko a ga alamarta a kan zaren takarda. Akwati mai lamba 23 zai buga biyu, ya ɗan tsaya, ya buga uku. Mai kai rahoto ba sai ya yi magana ba, balle ruɗewa ta sa ya faɗi titin da ba shi ba. An kuma koyi barin lantarki yana gudana a wayar kullum, ta yadda in ta tsinke a wani wuri ma'aikata za su sani tun kafin ranar buƙata. Har gobe na'urorin gobara a kan wannan ƙa'ida suke.

Daga Rasha zuwa Sawakin

Da ƙofar gwamnatin Prusiya ta rufe, sai Werner ya nufi Rasha. Daga 1853 kamfanin ya ja wa gwamnatin Rasha wayoyi na dubban kilomitoci, daga tekun Baltik har yankin Kirimiya inda ake yaƙi a lokacin. Ƙanensa Carl ne ya zauna a birnin St. Petersburg yana kula da aikin. Ribar da ta fi tsoka ta fito ne daga yarjejeniyar kula da layukan da gyaransu shekara da shekaru, kuma ita ta tsayar da kamfanin da ƙafafunsa.

Sai kuma wayar ƙarƙashin teku. Bayan boren da aka yi wa Turawan Ingila a Indiya a 1857, gwamnatinsu ta matsu ta samu hanyar jin labarin Indiya da sauri. Aka shirya shimfiɗa waya a cikin Bahar Maliya, daga Suwes zuwa Kusair, daga nan zuwa Sawakin, sannan Adan. Kamfanin Ingila na Newall ne ya ɗauki aikin, ya nemi Werner ya kula da gwajin lantarkin wayar. A 1859 ya biyo jirgin da ke shimfiɗa ta, har suka iso Sawakin, tashar da alhazan ƙasashen yamma suka daɗe suna tsallakawa Jidda ta cikinta. A hanyar komawa gida daga Adan, jirgin fasinjan da ya hau, mai suna Alma, ya daki dutsen murjani da dare a kudancin Bahar Maliya ya kife a gefe. Fasinjoji suka tsira zuwa wani ɗan tsibiri da babu inuwa babu ruwan sha, suka yi kwanaki cikin zafin watan Yuni kafin wani jirgin sojan ruwan Ingila ya kwashe su.

Ita kanta wayar ba ta yi tsawon rai ba. Ba a yi mata sulke mai kauri ba, an kuma ja ta da tauri a kan duwatsun teku, kafin ƙarshen 1860 ta mutu, kuɗin Ingila masu yawa suka bi ruwa. Amma alaƙar gidan Siemens da Sudan ba ta tsaya nan ba. Wani Bajamushe mai gyaran agogo, Carl Giegler, wanda ya yi aiki a masana'antar Siemens ta Woolwich a Landan, ya zo Sudan a 1873 a matsayin injiniyan tangaraho na gwamnatin Turkiyya ta wancan zamani, ya shugabanci sashen, har ya kai mataimakin gwamna-janar a Khartum.

Abin da ya gagara ta teku, 'yan uwan sun yi shi ta tudu. Tsakanin 1867 da 1870 suka haɗa layi daga Landan zuwa Kalkata ta Jamus da Rasha da Farisa, kimanin kilomita 11,000. A watan Afrilu 1870 saƙon da wasiƙa ke kai wa cikin wata guda ya isa cikin minti 28. Ƙannensa biyu, Walter da Otto, a birnin Tiflis suka rasu.

Dainamo da shekarun girma

Duk waɗannan na'urori da batir suke aiki, wutarsu kaɗan ce. A 1866 Werner ya gano cewa ɗan guntun maganaɗisun da ke saura a jikin ƙarfe ya isa ya tayar da injin samar da wuta, wutar da injin ya samar ta koma ta ƙara wa maganaɗisun ƙarfi, haka har ta yi yawa. An gabatar da wannan bincike a gaban majalisar masana ta Berlin ranar 17 ga Janairu 1867. Wasu masana a Ingila sun kai ga irin wannan sakamako kusan lokaci ɗaya, amma shi ne ya fi saurin mai da shi kayan sayarwa. Janaretan da ke kunna famfon ban ruwa a gonakinmu jikan wannan inji ne. Daga nan abubuwa suka biyo juna: ƙaramin jirgin ƙasa na lantarki a baje kolin Berlin a 1879, lif na lantarki a Mannheim a 1880, taragon lantarki na ɗaukar fasinja a Lichterfelde a 1881.

Halske, wanda ba ya son kasadar manyan kwangiloli, ya janye daga kamfanin a 1867, amma abotarsu ba ta yanke ba. Werner ya zauna a majalisar dokokin Prusiya daga 1862 zuwa 1866, ya kuma yi ta fafutuka har Jamus ta samu dokar kare masu ƙirƙira a 1877. A 1872 ya kafa wa ma'aikatansa asusun fansho da na tallafa wa matan da mazajensu suka rasu da marayu, shekara ta gaba aka rage lokacin aiki zuwa awa tara. Bai ɓoye ba cewa akwai lissafin kasuwa a ciki, yana so gwanayen ma'aikata su zauna, su kuma nisanci yajin aiki. Ya ba da fili da kuɗi aka kafa cibiyar awo da binciken kimiyya ta ƙasa a 1887. A 1888 sarki Friedrich na Uku ya ba shi sarauta, daga nan ne aka ƙara kalmar von a sunansa.

Iyalinsa da rasuwarsa

Ya auri Mathilde Drumann a 1852, ta haifa masa 'ya'ya huɗu, ta rasu a 1865. A 1869 ya auri wata 'yar uwarsa ta nesa, Antonie Siemens, suka samu biyu. A 1890 ya miƙa ragamar kamfani ga ƙanensa Carl da 'ya'yansa Arnold da Wilhelm, ya zauna rubuta tarihin rayuwarsa. Littafin ya fito 'yan kwanaki kafin ciwon huhu ya kwantar da shi. Ya rasu ranar 6 ga Disamba 1892 a Charlottenburg, saura mako ɗaya ya cika shekara 76. Shagon mutum goma ya zama kamfani mai ma'aikata kusan 6,500. Ɗalibanmu na kimiyya suna haɗuwa da sunansa a littafi, domin tun 1971 ma'aunin duniya na yadda abu ke barin lantarki ya ratsa shi sunansa siemens.

Inda sana'ar ta kai bayansa

Tsarin 1851 yana da giɓi ɗaya: sai mutum ya ga wuta. Da dare kuwa kowa na barci, kuma hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, ga shi ba ya tayar da mai barci. Cike wannan giɓi ya zo ne daga Suwizalan. A ƙarshen shekarun 1930 wani masani, Walter Jaeger, yana ƙoƙarin ƙera na'urar gano iskar guba, abin ya ƙi, sai ya lura hayaƙin sigarinsa yana motsa allurar. Shi da Ernst Meili suka kafa kamfanin Cerberus a 1941, suka fitar da na'urar shinshinar hayaƙi. A 1998 Siemens ya sayi wannan kamfani, kuma har yanzu yana sayar da kayan gobara da sunayen Cerberus PRO da Sinteso.

Kayan iri-iri ne. Akwai mai gano hayaƙi ta haske: ɗan ɗaki ne mai duhu da ƙaramar fitila a ciki, in hayaƙi ya shiga ya watsa hasken zuwa idon na'urar sai ta yi ƙara. Akwai mai jin zafi, wadda ke tashi in zafin ɗaki ya doshi digiri 60 ko ya hau da sauri. Akwai jan akwatin bango da ake fasa gilashinsa a danna, wanda jikan akwatin bakin titi ne. Sannan ga babban allo da ke haɗa su duka, ya nuna ɗakin da matsala take, ya kuma yi gargaɗi in waya ta tsinke ko batir ya yi sanyi. Mai saye a ƙasarmu ya kula da abu biyu. Ƙurar habub tana ruɗa mai gano hayaƙi ta sa ta kukan ƙarya, don haka tana son sharewa, kuma a madafa mai jin zafi ta fi dacewa. Ƙarƙashin rufin kwano kuma a watan Mayu zafi yana kai wa inda sai an nemi wadda aka yi wa ma'auni mai sama.

Ba kowane ƙauye ne zai iya sayen babban allo ba, kuma tashar Difa'ul Madani ta yi wa da yawanmu nisa. Amma ƙaramar na'urar hayaƙi mai batir ba ta fi ƙarfin kwamitin kasuwa ko na makarantar kwana ko mai sito ba. Abin da Berlin ta fara da shi ma bai wuce sanin inda za a kai labari da tabbatar da hanyar tana aiki ba. Wannan kam muna iyawa tun kafin rani ya shigo: a rubuta lambar matafi a bangon masallaci da na makaranta, a san mutum biyu ko uku da alhakin kira yake kansu, a san mai tankin ruwa mafi kusa, a kuma riƙa gwada lambar lokaci-lokaci a ji ko tana shiga. Allah ya kiyashe mu da gobara.